Giyar da Hedimasta Ya Soke

Buhun yana shimfiɗe a ƙasa, Manga yana kwance a kansa, rabin jikinsa a ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kawai ake gani da takalman roba da suka sha tafiya. Haka yake yi kowace safiya in ya dawo daga masallaci, tun kafin ya kurɓi kunu. Yakan shafa ƙasar da motar ta kwana a kanta, ya kai yatsa hanci, ya ji ko ta ɗigar da baƙin mai ko ruwa. Yakan ƙwanƙwasa sifirin da ɗan ƙarfe, ya saurara. Yakan shafa kowace taya ta ciki, inda ido ba ya kaiwa. Sai ya gama da cikinta sannan ya fito, ya kaɗe buhun, ya dubi fuskarta. Mu mutanen layinsu a unguwar Majidaɗi mun saba. Mukan gai da ƙafafun mu wuce, amsa ta biyo mu daga ƙasa.

A wurin mahaifinsa ya ɗauko wannan ɗabi'a. A ruga aka haife shi, can wajen fadamun Binuwai, kuma ya tashi yana ganin tsohon in zai sayi saniya sai ya durƙusa ya ɗaga kofatanta ɗaya bayan ɗaya. Ƙaho kuwa sai a ƙarshe, in ma ya tuna ya duba. Da annoba ta share garken nasu a damina guda, Manga ya shigo gari yana saurayi, ya faɗa hannun masu gyaran hanya na zamanin En'e, a nan ya koyi tuƙi. Ya ja tifa, ya ja babbar motar gyaɗa, sannan ya yi shekara goma sha ɗaya yana kai masu allurar shanu duk inda garke yake, daga kwarin Muri har saman Mambila, a hanyoyin da ba abin da ya shata su sai sawun kofato.

Shekara talatin da uku a kan sitiyari, ba mutum ko kaya da ya taɓa kwana a daji a hannunsa. Daga nan sunan ya fito. Duk wanda ya shiga motarsa, ko hadari ya haɗo ko rafi ya cika, in aka tambaye shi sai ya ce, ai Manga ne, sai gida. Har aka manta sunan mahaifinsa a tasha, ya zama Manga Sai-Gida. Ɗaki biyu gare shi da ɗan zaure, da matarsa Fanta, da 'ya'ya mata uku da duk suna ɗakunansu. Ba shi da gona, ba shi da ko tunkiya. Sunan nan shi ne garken da ya sake tarawa, kai ɗaya bayan ɗaya, kuma kiwonsa yake yi kamar yadda ya ga mahaifinsa yana yi wa shanu.

A shekarar 1991 aka wayi gari Jalingo ta zama babban birnin jiha. Garin da jiya akuya ke barci a tsakiyar titi ba mai tashinta, yau ga manyan ma'aikata sun sauko daga Yola da motoci masu baƙin gilashi, suna wucewa ba ka san wa ke ciki ba balle ka san gaisuwar da za ka yi. Kowa ya fara kallon kansa a madubi. Mai shago ya sake fenti, mai babur ya sa madubi huɗu. Iskar nan ce ta kaɗa har bayan rumfunan doya na Kasuwar Jalingo, inda wata ƙungiyar masu sayar da doya take da ɗan ɗakin taro.

Mutanen ƙungiyar sun kai tamanin, yawancinsu mata, kuma doyarsu daga ƙauyukan bayan duwatsu take fitowa. In damina ta nutsa, masu motocin haya sukan ƙi hanyar, wanda ya yarda kuma ya ninka kuɗi. Shekara tara matan nan suna ajiye abin da ya samu domin su sayi a-kori-kura tasu ta kansu. Da abin ya cika a 1992, aka yanke shawarar a sayi sabuwa dal, ba kwatano ba, kuma ba a yi gardama a kan direba ba. Aka aika wa Manga.

Ranar da takardar dila mai sayar da motocin ta iso, mutum goma sha biyu ne a ɗakin. A kan kujera mai hannu akwai ciyaman, Alhaji Sirajuddeen, dillali ne da ya yi wa ƙungiyar wahala sosai, ba mai musun wannan, sai dai tun da gari ya zama birni ya fara jin cewa duk abin da bai yi ƙyalli ba raini yake jawowa. Kusa da shi sakatare, Hedimasta Tobias, tsohon shugaban makarantar firamare da ya yi ritaya, shi kaɗai ke karanta Turanci ba gargada, kullum da jan biro a aljihun gaba. A kan benci kuma, cikin mata, akwai Alisabatu, wadda ta fi kowa rumfa da murya. Ita ta ba ni labarin zaman, da Hausarta ta kasuwa wadda ba ruwanta da bambance namiji da mace.

Takardar ta nuna kuɗin motar tsura, sannan jerin abubuwan da za a iya ƙarawa, kowane da farashinsa a gefe. Abin da zai saura a hannunsu bayan an biya motar zai iya sayen abu ɗaya da ke can ƙasan takardar, ko kuma ya sayi duk na samansa a haɗe. Hedimasta ya riƙa karantawa yana fassarawa. Na'urar sanyi, wadda ake kira e-si. Kujeru masu karan-miski. Rediyo mai kaset da lasifika huɗu. Baƙin gilashi. Ƙarfe mai walƙiya a goshi, fitilu a kan rufi, da hon mai rera waƙa. Kowane aka ambata, Alhaji ya gyaɗa kai a hankali kamar mai jin ƙira'a mai daɗi.

Da aka zo layin ƙarshe, Hedimasta ya gyara tabarau, ya yi 'yar dariya ta hanci.

"Ogzilari giya," ya ce. "Kuma ita ce ta fi komai tsada. Mutanen nan sun ɗauka ƙauyawa suka samu."

Manga ya miƙe daga bakin ƙofa.

"Hedimasta, wannan ɗin ita ce. A bar sauran duka, a sa mana ita."

"Baba Manga, zauna tukuna in yi wa jama'a bayani. Shekara ashirin da takwas na yi ina koyarwa, ba wanda zai gaya mini ogzilari. Ogzilari tica shi ne wanda bai ci jarrabawa ba, aka ce ya riƙe aji kafin malami na gaske ya zo. Na yi fama da su, wani ko sunansa ba ya rubutawa daidai. Ogzilari nas kuma kun san ta, mai wanke ciwo da miƙa almakashi. To, mota ta zo da giyarta ta gaske, mun biya. Sai kuma mu ƙara kuɗi a ba mu giyar da ba ta ci jarrabawa ba?"

Ɗakin ya ɗauki dariya. Wata daga baya ta ce a tura giyar ta sake aji.

"Ba haka ba ne," in ji Manga. "Wata 'yar sanda ce gajera a gefen babbar. In ka ja ta, tayoyin gaba su ma su kama ja, ƙafa huɗu ke nan maimakon biyu. Ni da ita na hau Mambila. Hanyarmu ta bayan dutse, in watan takwas ya kama, in babu ita..."

"Baba, kai ka san sitiyari, ni na san Turanci," Hedimasta ya katse shi, da murmushi irin wanda ake yi wa ɗalibi mai ƙoƙari. "Kowa ya tsaya a ajinsa."

Alhaji ya ɗaga hannu. "Malam Manga, mun ji ka. Amma ka duba mana. Wannan sandar, in mota ta tsaya a bakin kasuwa, wa zai gan ta?"

"Ba mai ganinta, ranka ya daɗe. A ciki take."

"To ka ji. Matan nan shekara tara suna tarawa. In motar ta shigo, so nake kowace ta ga kuɗinta da idonta. Jalingo fa ba ta jiya ba ce. Sabuwar mota kuma, wane taɓo ne zai riƙe ta, ga Sai-Gida a kan sitiyari?"

Da sunansa aka rufe masa baki. Hedimasta ya zare jan biron, ya ja layi ɗaya miƙaƙƙe a kan kalmar, irin layin da ya saba ja a littattafan yara. Na daɗe ina tunanin layin nan. Mutum ya kwashe shekara talatin da uku yana karanta laka da yashi da launin ruwan rafi, ya zo ya faɗi abin da ya sani a fili, sai a kayar da shi da kalma guda wadda aka tsinta a farfajiyar makaranta. Ba wanda ya tambaye shi ko da sau ɗaya yaya abin yake aiki. Sun ga mutum mai takalmin roba, sun ga mutum mai tabarau, suka zaɓa.

Motar ta iso wata ranar Laraba, fara tas kamar ƙwarya cike da kindirmo. Ƙarfen goshinta yana mayar wa rana haskenta. Aka danna hon, ya rera 'yar waƙarsa, mata suka yi guɗa, masu doya da masu tattasai suka bar rumfuna suka kewaye ta. Ba zan ɓoye ba, ta yi kyau, ni ma na tsaya na kalla. Ana cikin wannan Manga ya ratsa mutane da buhunsa, ya shimfiɗa, ya shige ƙarƙashi. Furofela, sandar da ke kai ƙarfin inji ga tayoyi, ɗaya ce, ta tafi baya. Tsakanin tayoyin gaba ba komai sai iska. Ya daɗe a kwance yana kallon wurin. Da ya koma gida Fanta ta tambaye shi yaya amaryar, ya ce kyakkyawa ce, Allah ya sa kada a ce ta yi gudu.

Sai aka shiga cin moriyar abin da aka saya. Kujerun karan-miskin sun zo a cikin leda, Alhaji ya ce kada a kuskura a cire, ƙura za ta ɓata su. Saboda haka ba wanda ya taɓa zama a kan karan-miskin. A kan leda ake zama, cikin zafin watan uku, mutum ya sauka rigarsa ta manne masa a baya. E-si kuwa, da wahalar mai ta shigo aka hana kunna ta, sai ranar da za a kai ciyaman ɗaurin aure ko taro. Baƙin gilashin ya sa duk shingen da aka zo sai an tsayar da su an leƙa, a ga wane babba ne a ciki, a tarar da doya. Fitilun rufi ba a taɓa kunna su ba, domin Manga ba ya tafiyar dare. A cikin kayan nan duka, ƙarfen goshi ne ya yi aikin kirki. A jikinsa ake ɗaure akuya in an tsaya a ƙauye.

Damina ta farko Manga ya ratsa ta da dabara. Ya sa katako huɗu da shebur da adda a bayan motar. Ba ya fita sai ruwa ya kwana biyu da ɗaukewa. In ya iso rafi yakan sauka, ya naɗe wando, ya taka da ƙafarsa ya ji inda ƙasa ke da ƙashi. Bai maƙale ko sau ɗaya ba, kuma wannan ya zama hujja a kansa. Hedimasta in ya hango shi yakan ɗaga murya ya ce, "Baba, ina labarin giyar da ta faɗi jarrabawa? Ga shi muna ta wucewa ba ita." Manga ya ce da shi Allah ne ya rufa asiri, ya wuce.

A watan takwas na 1993 sabuwar doya ta fito. Wata babbar mota ta zo daga Kano ta tsaya a bakin kasuwa, masu ita suka ce kwana biyu za su yi, in ba kaya su wuce wani gari. An yi ruwa jiya, an yi shekaranjiya, kuma duwatsun gabas suna sanye da baƙin rawani tun safe. Manga ya ce ba za a je ba sai jibi.

"Jibi mutanen sun tafi," in ji Alhaji. "Malam Manga, ko dai tsufa ne ya fara leƙowa? In ka gaji ka faɗa, samari na nan suna neman aiki."

Wannan bai motsa shi ba. Alisabatu ce ta motsa shi. Ta same shi a gindin motar, ta rage murya, abin da ba ta saba yi ba.

"Baba, doya na an riga an tone, yana can a tare a ƙasa. Ka san sabon doya ba ya jira. Duk abin da nake da shi yana wurin. Ni zan bi ka, in mutuwa ne mu mutu tare."

Ya dubi duwatsun, ya dube ta, ya ce ta shiga.

Tafiya ta yi kyau, domin motar ba kaya. A dawowa ne, bayan azahar, da doya har saman bodi, suka iso rafin da ke tsakanin ƙauyen da babbar hanya. Manga ya sauka ya taka. Baƙar laka ce mai santsi, irin wadda ke riƙe ƙafa kamar tana da yatsu. Ya shimfiɗa katakonsa, ya sari ganye ya zuba, ya koma ya shiga da bismilla. Tayoyin gaba suka haye. Na baya suka sauka daga katako, suka fara juyawa a wuri ɗaya, suna haƙa wa kansu rami. Hannunsa na dama ya tafi da kansa gefen babbar giya, inda shekara goma sha ɗaya ya saba samun 'yar sandar nan. Ya damƙi iska. A wurin, masu ƙera motar sun sa wani ɗan akwatin ajiye kaset.

Mutanen ƙauye suka zo suka tura har ƙarfinsu ya ƙare. Tayoyin gaba suna kan tsandauri, busassu, suna kallon abin da ke faruwa kamar ba motarsu ba ce. Can sai ruwan da aka yi a kan duwatsu ya iso, ja wur, da kumfa da karare. Aka hau sauke doya ana jefawa gaɓa, amma ruwa ya fi hannu sauri, ya kwashi abin da ya kwasa. Ya shiga gaban motar, ya bi ta ƙarƙashin leda, karan-miskin da aka shekara ana ɓoye wa ƙura ya sha laka har ya ƙoshi. Da ruwa ya taɓa wayoyi, hon ya kama rera waƙarsa shi kaɗai, ba mai danna shi. Alisabatu tana tsaye a gaɓa, zaninta jiƙe, tana kallon doyarta na tafiya, motar kuma tana yi mata waƙar biki. Haka ya yi ta yi, muryar tana dusashewa, har batir ya mutu.

Kwana biyu suka yi a wurin. A rana ta uku wata tsohuwar motar masu allurar shanu ta biyo hanyar, ba ƙofa a gefe ɗaya, fentinta ya koɗe har ba a san launinsa ba. Direbanta, wani Peter, ya san Manga tun a Mambila. Bai yi tambaya ba. Ya ɗaura sarƙa a jikin ƙarfen nan mai walƙiya, ya ja 'yar gajeriyar sandarsa, ƙafafu huɗu suka kama ƙasa. Kafin mutum ya shanye kofin ruwa farar motar tana kan tudu.

Labari ya riga su isa gari. Motar Kano ta tafi. Da Manga ya ratsa ta bakin kasuwa da safe, wani mai shayi ya ɗaga murya ya ce, "Sannu da zuwa, Sai-Taɓo." Aka yi dariya, ba ta mugunta ba ma, irin wadda ake yi a manta. Amma kafin azahar sunan ya kai tasha, kafin la'asar ya kai unguwar Barade. Fanta ta ce mini ranar bai taɓa tuwo ba. Ya zauna a zaure yana kallon tafin hannunsa na dama.

Matan ƙungiya suka tashi da tambaya. Motar da aka ce ba taɓon da zai riƙe ta, ya aka yi? Wasu suka fara cewa a sauke shugabanni. Ranar Asabar aka kira Manga ɗakin taro. Alhaji yana kan kujerarsa, Hedimasta da takarda a gabansa da ɗan kwalin tawadar dangwale, Alisabatu a kan benci ta harɗe hannu. Ta taga ana hango motar a rana, ƙofofinta a buɗe, wari na tashi daga kujerun da har yanzu ba a cire musu leda ba.

"Malam Manga," Alhaji ya fara, da murya mai laushi, "kai babba ne, ka san yadda jama'a take. Gobe za mu tara mata. 'Yar takarda ce muka rubuta, cewa kuskuren hanya aka samu, ka saki katako, ido kuma ya fara rauni, abin da ke kan kowa. Ka dangwala, a karanta musu, magana ta mutu. Aikinka na nan, ba mai taɓa shi."

"Ido na ne ya yi rauni?"

"Magana ce kawai ta takarda."

Manga ya juya wajen sakatare. "Hedimasta, ina da tambaya. Babban littafin nan naka na kalmomi, yana nan?"

"Ƙamus? Yana gida."

"Ka duba kalmar a ciki?"

Hedimasta ya cire tabarau ya hau goge su da bakin riga. Ya daɗe yana gogewa.

"Na duba. Shekaranjiya."

"Me ya ce?"

"Ya ce mai taimako." Sannan ya ƙara, da ƙyar, "Wanda ake ajiyewa domin ranar da babba ya kasa."

"To shi muka yi ta nema a rafi," in ji Manga.

Alisabatu ta saki hannuwanta. "Hedimasta, ni ma na yi dariya ranar nan, Allah ya yafe mini. Amma da na tsaya na yi tunani. Yara shida na haifa a ƙauye. Likita ban taɓa ganin fuskansa ba. Duk shidan ogzilari nas ne ya karɓe su, Mama Margaret, da fitilan ƙwai da almakashi ɗaya. Kai kanka, wa ya koya maka ABCD kafin ka zama hedimasta?"

Hedimasta ya mayar da jan bironsa aljihu.

"Duk wannan ya wuce," in ji Alhaji, muryarsa ta fara tauri. "Giyar ba a sa ta ba, kuma dila ya ce ba a sa ta daga baya. Ku tsaya ku ji. In muka miƙe gobe muka ce wa mata tamanin mun saya musu hon da kujera da guminsu na shekara tara, ƙungiyar nan ta watse, kowa ya koma hannun masu haya. Kai mutum ɗaya ne, Malam Manga. Direba ya maƙale a taɓo, yau aka fara? Wata biyu an manta."

Akwai gaskiya a maganarsa, kuma ita ta fi ba ni haushi. Mutanen da suka ƙi jin Manga ranar da maganarsa za ta yi amfani, yau su ne ke roƙon bakinsa domin ya rufe musu ɓarna. Sun riga sun yi amfani da sunansa sau ɗaya, suka ce ga Sai-Gida, ba a bukatar giya. Yanzu suna so ya kawo ragowar sunan su shimfiɗa a laka su taka su haye.

"Ranka ya daɗe," in ji Manga, "na maƙale, wannan kowa ya gani, ba zan ce ban maƙale ba. Na yarda na fita ranar da na san bai kamata a fita ba, wannan ma nawa ne, in kuna so gobe in faɗa da bakina a gaban mata. Amma in sa yatsa cewa ban ga hanya ba? Na gan ta tun tana kan takardar dila, a ɗakin nan, ina tsaye a bakin ƙofar can."

"Ka yi tunanin iyalinka. A shekarunka wa zai ba ka mota?"

"Wataƙila ba kowa."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da makullin. Yana ɗaure da wata tsohuwar igiyar fata, irin wadda ake ɗaure ɗan maraƙi da ita. Ya kwance igiyar a hankali, ya mayar da ita aljihu, ya ajiye makullin a kan takardar, daidai inda aka bar wa yatsansa wuri.

"Ku cire ledar nan ku shanya kujerun, in ba haka ba za su ruɓe har ƙarfe. A juye man giya, ruwa ya shiga. Katakona na bar wa wanda zai zo. Ku gaya masa in watan takwas ya kama ya jira kwana biyu, ko wa ya ce ya tafi."

"Baba Manga," in ji Hedimasta, bai ɗago kai ba, "ni ne na ja layin."

"Na sani, Hedimasta. Gobe sai ka gaya musu. Kai ka iya bayani."

Buhunsa yana jingine a bayan ƙofa, inda ya ajiye shi da ya shigo. Ya sunkuya ya ɗauka, ya kaɗe shi sau biyu, busasshiyar lakar rafin ta zubo a kan simintin ɗakin. Ya naɗe shi ya sa a hammata. Alisabatu ta miƙe tsaye.

"Baba, sai ina?"

"Sai gida," ya ce, ya ɗaga labulen ya fita.